Ostireliya da igiyar Landan: mulkin kan da ya tsaya a bakin teku

A watan Maris na 1942, daidai lokacin da sojojin Japan ke ta cin ƙasashe suna dosowa kudu, aka yi kisan kai a cikin jirgin yaƙin nan HMAS Australia. Wasu ma'aikatan ɗakin inji biyu ne aka tuhuma da daɓa wa abokin aikinsu wuƙa har ya mutu. Kotun soja ta same su da laifi, ta yanke musu hukuncin rataya. Jirgin na Ostireliya ne, da harajin 'yan ƙasar aka saye shi, kuma a rundunar ƙasar mutanen uku ke aiki. Dokar tsaron Ostireliya ta 1903 ta faɗa ƙarara cewa ba a yanke wa sojan ƙasar hukuncin kisa sai a kan tawaye, ko guduwa wajen abokan gaba, ko cin amanar ƙasa, kuma ko a nan ɗin sai Gwamna-Janar, wakilin Sarkin Ingila a ƙasar, ya amince. Kisan kai ba ya cikin jerin. An kafa dokar ne shekara guda bayan sojojin Birtaniya sun bindige Harry Morant da Peter Handcock a Pretoria bisa laifin kashe fursunoni a yaƙin Afirka ta Kudu, ba tare da an tuntuɓi gwamnatin Ostireliya ba.

Da maganar ta kai Babbar Kotun ƙasar, sai alƙalai suka ce wannan doka ba ta da hurumi a nan. Tun ƙarshen 1939 gwamnati ta miƙa jiragen yaƙinta ga rundunar ruwan Sarkin Ingila, don haka dokar Birtaniya ta ladabtar da sojan ruwa ce ke kansu. Gwamnatin Firaminista John Curtin ta wayi gari ba ta da ikon sassauta wa 'yan ƙasarta hukunci. Sai da ta roƙi Sarki George na Shida, shi ya mayar da ratayar ɗaurin rai da rai. Ƙasar da ke da majalisa da firaminista da kotun ƙoli da kuɗinta, wadda ta shekara 41 a matsayin tarayya, ga inda ikonta ya tsaya.

Don a gane yadda aka yi haka, sai an san irin mulkin kan da Birtaniya ta bai wa yankunan da Turawa suka yi kaka-gida. New South Wales da Victoria da Tasmaniya da Ostireliya ta Kudu sun samu majalisu da ministocinsu tsakanin 1855 da 1857, Queensland ta biyo baya, Ostireliya ta Yamma sai 1890. A ranar 1 ga Janairun 1901 suka haɗu suka zama tarayya. Filaye, haraji, makarantu, layin dogo, 'yan sanda, duk an sakar musu. Abin ya yi kama da ɗan da aka yi wa aure aka ware masa sashe a cikin gida: tukunyarsa daban, rumbunsa daban, amma mabuɗin ƙofar zaure yana aljihun maigida. Duk abin da zai fita waje, ko ya taɓa sauran daular, ko ya shafi sunan Sarauniya, ta hannun Landan zai bi.

Ginshiƙin tsarin wata doka ce ta 1865 a kan ingancin dokokin yankunan mallaka, kuma asalinta abin dariya ne. Wani alƙali a Ostireliya ta Kudu, Benjamin Boothby, ya ɗauki al'adar soke duk dokar da majalisar yankin ta kafa in ya ga ta saɓa wa abin da aka saba a Ingila. Har dokar rajistar filaye ta 1858 bai ƙyale ba, ya kuma taɓa shakkar halaccin majalisar kanta. Ya gallabi gwamnati har Landan ta ga dole ta yi magana. Dokar 1865 ta ce yanki na iya kafa dokar da ta saɓa wa al'adar shari'ar Ingila ba laifi, abin da ba zai iya ba shi ne saɓa wa dokar da majalisar Birtaniya ta kafa da nufin ta yi aiki a wannan yanki. A lokacin 'yanci aka ɗauke ta, kuma 'yancin ne, don ta rufe bakin Boothby, wanda aka tuɓe a 1867. Amma rabinta na biyu shi ne ya zama dabaibayi. Duk inda dokar Landan ta ambaci yankunan mallaka, dokar gida ba ta da ƙafar tsayawa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da alƙalai suka gina: ikon majalisar yanki yana ƙarewa a iyakar ƙasarta. Shari'ar da ta fi fito da wannan ta aure ce. Wani mutum mai suna Macleod ya yi aure a New South Wales, daga baya ya tafi Amurka ya ƙara aure matarsa ta fari na raye. A dokarsu haɗa mata biyu laifi ne na ɗauri, kuma kotun gida ta ɗaure shi. A 1891 alƙalan Landan suka sake shi, suka ce dokar New South Wales ba ta bin mutum zuwa Amurka. To, in dokar yanki ba ta ƙetare iyaka, me zai faru da jirgin ruwa, wanda aikinsa ke nan ƙetare iyaka? Ostireliya tsibiri ce. Gashin tumakinta, alkamarta, zinariyarta, wasiƙunta, baƙin da ke zuwa zama, babu abin da ke shiga ko fita sai ta ruwa.

A nan ne Landan ta fi damƙe hannu, kuma ba don son mulki kawai ba. A farkon ƙarni na 20 kusan rabin jiragen kasuwancin duniya masu tururi tutar Birtaniya suke ɗauke da ita. Masu jiragen Liverpool da Glasgow da masu inshorar Landan suna son doka ɗaya daga Bombay zuwa Sydney: takardar shaidar kyaftin iri ɗaya, yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata iri ɗaya, layin lodi iri ɗaya, diyya iri ɗaya. Dokar jiragen kasuwanci ta 1894, mai sassa sama da 700, ita ta ba su wannan. A ƙarƙashinta babu wani abu wai jirgin Ostireliya. Jirgin da aka yi wa rajista a Melbourne jirgin Birtaniya ne, tashar rajistarsa ce kawai take Melbourne. Sashe na 735 ya yarda yanki ya canza dokar a kan jiragen da ke rajista a wurinsa, amma sai Sarki da majalisarsa sun tabbatar. Sashe na 736 ya yarda yanki ya tsara zirga-zirgar jirage tsakanin tashoshinsa, da sharaɗin dokar ta jira yardar Sarki, kuma a yi wa duk jiragen Birtaniya adalci iri ɗaya. Kotunan da ke shari'ar karon jirage da bashin ma'aikata da ladan ceto ma, daga wata dokar Landan ta 1890 suka samo ikonsu.

Sabuwar tarayyar ta so dokar jirage tata. An gabatar da ƙudurin a 1904, aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Billy Hughes, ɗan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan tashar jirage wanda daga baya ya zama firaminista. A 1907 aka yi taro na musamman a Landan tsakanin wakilan Ostireliya da New Zealand da Birtaniya, da masu jirage da ƙungiyoyin ma'aikata. Majalisa ba ta zartar da dokar ba sai 1912, yardar Sarki ta zo a 1913, yaƙin duniya ya gitta, sassan da suka shafi zirga-zirgar gaɓar teku ba su fara aiki ba sai 1921. Bayan duk wannan jira, a 1925 wani kamfanin jiragen New Zealand ya kai ƙara, Babbar Kotu ta soke wasu tanade-tanaden a kan ɗauka da sallamar ma'aikata saboda sun ci karo da dokar 1894.

Mai karatu zai so ya tausaya wa Ostireliya a nan, amma ya dakata tukuna. Abin da dokar ke nema shi ne duk jirgin da zai ɗauki kaya ko fasinja tsakanin tashoshin ƙasar ya biya albashi irin na Ostireliya, ya ba ma'aikata wurin kwana da abinci na mutunci. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai ba a ɓoye ɗaya manufar ba: a kori ma'aikatan Indiya da China da kamfanonin Birtaniya ke ɗauka da arha. Zamanin manufar "Ostireliya ta farar fata" ne. Tun 1901 dokar gidan waya ta ce ba za a ba jirgi kwangilar ɗaukar wasiƙu ba sai ma'aikatansa farar fata ne zalla. Landan kuwa tana da Indiya a hannu, tana da ƙawance da Japan tun 1902, ba ta son dokar da za ta ambaci launin fata ɓaro-ɓaro. Ba tausayin ma'aikacin Indiya ya dame ta ba, albashinsa mai arha da zaman lafiyar daula ne. Ɓangarori biyu ke jayayya a kan mutumin da ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa.

Dokar ma ba kowa ta yi wa daɗi ba a cikin gida. Tasmaniya ta yi kukan cewa manyan jiragen waje sun daina kawo mata 'yan yawon buɗe ido, Ostireliya ta Yamma ta ce kuɗin dako ya hau. Wannan ƙorafi na cikin abubuwan da suka taru har mutanen Yamma suka kaɗa ƙuri'a a 1933, kusan kashi biyu cikin uku suka ce a fice daga tarayyar. Ina suka kai kukansu? Majalisar Birtaniya. Ita kuma a 1935 ta ce ba za ta saurare su ba sai da yardar gwamnatin tarayya. A lura da wannan, don shi ne ke bayyana sauran labarin: jihohin Ostireliya sun fi tsoron Canberra, babban birnin tarayyarsu, a kan Landan. Landan na nesa, ba ta karɓar harajinsu, kuma tana iya zama garkuwa.

Shi ya sa da aka buɗe ƙofa ba su yi saurin fita ba. Bayan sanarwar Balfour ta 1926, wadda ta ce Birtaniya da ƙasashen nan masu mulkin kansu tsara ne, majalisar Birtaniya ta kafa dokar Westminster a 1931. Ta ɗage dokar 1865 daga kansu, ta ba su ikon yin dokar da ke aiki a wajen iyaka, ta kuma ambaci sassan 735 da 736 da dokar kotunan teku da sunansu ta ce sun daina ɗaure su. Kanada da Afirka ta Kudu da Ayalan suka karɓa nan take. Ostireliya da New Zealand suka roƙi a sa sharaɗin cewa manyan sassan ba za su yi aiki a kansu ba sai sun nema da kansu, sannan suka ƙi nema. 'Yan siyasa da yawa na ganin karɓar dokar kamar yanke zumunci ne, kuma tsaron ƙasar ya dogara ga rundunar ruwan Birtaniya da sansaninta na Singafo. A ranar 3 ga Satumban 1939 Firaminista Robert Menzies ya shaida wa jama'a ta rediyo cewa Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus, saboda haka Ostireliya ma tana cikin yaƙi. Bai ga buƙatar wata sanarwa daban ba.

Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942, ga shari'ar ma'aikatan jirgin nan, ga dokokin yaƙi a kan jiragen dakon kaya da ake shakkar ingancinsu. Ministan shari'a H. V. Evatt ya kai ƙuduri majalisa, a watan Oktoba aka karɓi dokar Westminster, aka mayar da fara aikinta baya zuwa ranar da yaƙi ya fara. New Zealand ta jira har 1947.

Ko a nan rabin aiki aka yi. Gwamnatin tarayya ce kaɗai ta kuɓuta, jihohi shida suka ci gaba da zama ƙarƙashin dokar 1865 da son ransu. Sakamakon ya zama abin mamaki. Dokar 1894 ta ƙayyade iyakar diyyar da mai jirgi zai biya: fam 15 a kan kowane tan na jirgin in an rasa rai ko an ji rauni, fam 8 in kaya ne. Birtaniya ta ɗaga waɗannan kuɗaɗe a 1958, amma sabuwar dokar ba ta ambaci jihohin Ostireliya ba. A 1976 Babbar Kotu ta tabbatar cewa a New South Wales tsohon ƙiyasin zamanin Sarauniya Victoria ne ke aiki. Birtaniya ta yar da dokar, jihar ba ta da ikon gyara ta, wanda ya ji rauni a jirgi shi ya kwashi asarar. A ganina wannan ya fi shari'ar 1942 nuna yadda igiyar take. Babu wanda ke riƙe da ɗaya bakinta a Landan, amma tana ɗaure. Rajistar jirage ta ƙasa ba ta fara aiki ba sai 1982, kafin nan jirgin Sydney jirgin Birtaniya ne a takarda. Rundunar ruwan ƙasar ma da farar tutar sojan ruwan Birtaniya take yawo har 1967, lokacin da take yaƙi a Biyetnam, yaƙin da Birtaniya ba ta ciki.

Ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin shari'a na majalisar mashawartan Sarki, wanda aka fi sani da Privy Council, shi ma haka ya daɗe. Masu rubuta tsarin mulkin tarayya sun so Babbar Kotunsu ta zama ta ƙarshe a kan fassarar tsarin mulki. Sakataren yankunan mallaka Joseph Chamberlain ya ƙi, bankuna da kamfanonin da suka zuba jari a ƙasar suna bayansa, domin sun fi amincewa da alƙalin Landan. Aka yi sulhu a sashe na 74: rikicin iko tsakanin tarayya da jihohi ba zai je Landan ba sai Babbar Kotu ta ba da izini, kuma sau ɗaya tak ta taɓa bayarwa, a 1912. Sauran ƙararraki suka ci gaba da tafiya. An toshe hanyar a hankali a 1968 da 1975, amma daga kotunan jihohi mutum na iya tsallake Babbar Kotu ya nufi Landan har 1986.

Najeriya ta san wannan kotu. A rikicin Yamma, Gwamna Adesoji Aderemi ya sauke Firimiya Akintola a 1962 bisa takardar da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da ƙuri'a a zauren majalisa ba. Kotun Ƙolin Tarayya ta ce saukewar ba ta halatta ba, alƙalan Landan suka ce ta halatta a 1963. Majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin yankin don hukuncin ya tashi a banza, kuma da aka zama jamhuriya a Oktoban wannan shekara aka rufe hanyar Landan gaba ɗaya. Abin da Najeriya ta yanke cikin shekara uku da samun 'yanci, Ostireliya ta shekara 85 tana jan ƙafa a kansa. Bambancin ba na ƙarfi ba ne. Mutanen Ostireliya suna ganin kotun tasu ce, ta kakanninsu.

Lambar yabo ta soja kamar ƙaramin abu ce kusa da waɗannan, amma ita ta fi taɓa zuciya, kuma ita ta fi daɗewa. A tsarin Birtaniya girmamawa daga Sarki kaɗai take fitowa. Da aka ƙirƙiro Victoria Cross, babbar lambar jarumta, a 1856, sojojin Sarauniya na dindindin aka nufa. A 1864 wani hafsan mayaƙan sa-kai na Auckland, Charles Heaphy, ya tsaya kan wani soja da aka raunata ana ta harbinsa, a yaƙin da Turawa ke yi da Maori, 'yan asalin New Zealand, a kan ƙasarsu. Aka nema masa lambar, Landan ta ce ba ya cikin waɗanda suka cancanta. Sai da aka gyara ƙa'idar a 1867 ya samu. Gwamnan New Zealand George Bowen bai haƙura da wannan jan rai ba, a 1869 ya ƙirƙiro lambar New Zealand Cross ba tare da izini ba. Ofishin yankunan mallaka ya tsawata masa cewa ya shiga hurumin Sarauniya, daga baya ita ta amince da abin da ya riga ya faru. Mutum 23 kacal suka samu, cikinsu har da shugabannin Maori da suka yi yaƙi a ɓangaren gwamnati, irin su Te Keepa da Ropata Wahawaha.

'Yan Ostireliya 96 ne suka samu Victoria Cross ta daula, daga likitan soja Neville Howse a 1900 zuwa Keith Payne a 1969. Babu sojan ruwa ko ɗaya a cikinsu. A yaƙin duniya na biyu takardun neman yabo na rundunar ruwa sai sun bi ta hedikwatar sojan ruwa da ke Landan. Ranar 1 ga Disamban 1942 jiragen saman Japan suka nutsar da jirgin yaƙin Ostireliya HMAS Armidale kusa da tsibirin Timor. Teddy Sheean, yaro ɗan shekara 18 daga Tasmaniya, yana da rauni ya koma kan bindigar kakkaɓo jirage, ya ɗaure kansa a jikinta, ya yi ta harbi don kare 'yan'uwansa da ke cikin ruwa har jirgin ya tafi da shi. Abin da ya samu shi ne ambaton suna a rahoton yaƙi. A ƙa'idar lokacin, wanda ya mutu a fagen fama ko dai babbar lambar ko ambaton suna, lambobin tsakiya na masu rai ne. Kuma gaskiyar magana, manyansa na gida ma ba su nema masa babbar ba.

A fafatawar Long Tan a Biyetnam, cikin Agustan 1966, inda 'yan Ostireliya 18 suka mutu, tsarin rabon lambobi da aka gada daga Birtaniya, wanda ke ƙayyade adadi gwargwadon yawan sojoji, ya sa aka rage darajar yabon da aka nema wa wasu, har da kwamandansu Harry Smith. Gwamnatin Biyetnam ta Kudu ta shirya ba su nata lambobin, aka ce ba a karɓar lambar wata ƙasa sai da yardar Sarauniya, sai aka raba musu 'yar tsana da akwatunan taba a maimako. Hafsoshin Ostireliya ne suka aiwatar da wannan duka, ba wani Bature daga Landan ba.

Firaminista Gough Whitlam ya kafa lambar girma ta ƙasa a Fabrairun 1975, amma wasu jihohi suka ci gaba da aika sunaye Landan. Dokar Ostireliya ta 1986, wadda aka zartar sau biyu, a Canberra da Landan, don kada wani lauya ya samu kafa, ita ta kawo ƙarshen ikon majalisar Birtaniya da dokar 1865 da ɗaukaka ƙara. A 1991 aka ƙirƙiro Victoria Cross ta Ostireliya, a 1992 gwamnatin Paul Keating ta sanar cewa tarayya da jihohi sun daina neman lambobin daula. Sabuwar lambar kamanninta ɗaya da tsohuwar, kamfanin Hancocks na Landan ke ƙera ta, kuma har yanzu sai mai sarauta ya amince kafin a bayar. Ita aka bai wa Sheean a 2020, bayan wata hukuma ta ƙi, wata ta amince, gwamnatin Scott Morrison ta fara ƙi sannan ta sauya ra'ayi da jama'a suka matsa.